Turke Uku

Ƙarfe ɗaya saura na dare a Naryn,
kogi ya daskare har ya daina magana.
Ni kaɗai ce a ƙarƙashin ɗakin karatu,
ni da baƙar na'ura
mai huci kamar saniyar da ta ƙoshi.

Ƙwaƙwalwa takwas gare ta,
amma ɗan aiken da na zaunar a cikinta
ɗaya tak ya sani,
bakwai na can suna hamma.

Gobe ɗalibai dubu za su nemi sakamako
ta siririyar waya guda
da ta hauro dutsen Dolon daga Bishkek
tana rawar ɗari.
Abin da aka taɓa ɗebowa daga nesa
ba sai an sake hawa dutse dominsa ba:
a zuba a rumbu,
mai nema na biyu ya ɗiba a gida.
Aikin ke nan.
Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na ce, to, su zama uku.
Na kwafi fayil, na sake kwafa,
na yanka wa kowa ƙofarsa:
3128 ta tsohon, sai 3129, sai 3130.
Na raɗa musu sunan dawakan babana
don kada in ruɗe da asuba:
Ak, Kara, Boz.

Na tashe su.
Ak ya miƙe.
Kara ya miƙe, Ak ya faɗi.
Na ta da Ak, Kara ya kwanta.
Boz ko kunne bai kaɗa ba,
ya ce wai ai yana nan tuntuni,
alhali idona biyu, babu shi.

Sau bakwai.
Na zagi allo da harshe biyu.

Sagynbek mai gadi ya turo ƙofa da kafaɗa,
ƙanƙara a kan farar hularsa,
shayi mai madara da gishiri a hannunsa.
Bai san fayil ba, bai san lamba ba,
lambar wayarsa ma jikarsa ke tuna masa.
Na dai faɗa masa, don bakina ya huta.

Ya kurɓa, ya dubi na'urar
yadda ake duban dabba a kasuwa.
Ya ce, "Cholpon, dawaki uku na ji.
Turke nawa kika kafa?"

Na koma layi na arba'in da ɗaya.
Ga shi kuwa, kunya tsirara:
ƙofofi uku na yanka,
amma turke ɗaya, rumbu ɗaya, littafin shaida ɗaya.
Kowa ya zo sai ya goge sunan ɗan'uwansa
ya rubuta nasa,
ya zuba hatsinsa a kan na wani.

Na raba faifai gida uku.
Kowa da turkensa, kowa da littafinsa.
Boz na rage masa kaso,
faifan ya tsufa, ni ma ban yarda da shi ba.
Sannan na koya musu zumunci:
kafin ka hau dutse, tambayi na kusa da kai,
in babu, ka tafi da kanka,
kada ku yi ta miƙa wa juna tambaya
har gari ya waye.

Ƙarfe huɗu da kwata
uku suka tsaya, ba mai taka wani.

Da hantsi layuka suka fara gudu:
an samu a gida, an samu a gida,
an samu wajen Kara,
wannan sai an je Bishkek.
A sama wata yarinya ta yi ihu,
ban san na murna ba ne ko na kuka.

Shayin ya yi fata a kofi.
Na rubuta a bayan hannuna da biro:
in wuta ta ɗauke ta dawo,
Boz bai iya tashi da kansa ba tukuna.